Kwanon da Aka Ce Yana Korar Hadari

Shekarar da damina ta yi mana rowa, ni aka ɗora wa laifin a unguwarmu ta Fezzan. Lokacin ina digiri na biyu a kimiyyar sararin samaniya, aka ba ni wata na'ura in kafa a rufin gidanmu, fara, kamar kwanon sha a kife. Saƙon tauraron ɗan'adam take karɓa, ni kuma in duba a kwamfuta yadda saƙon ke rawa a hanya. In aka sauke ta kafin damina ta wuce, bincikena ya ruguje sai baɗi.

Hadari kuwa sai ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, yana isowa kanmu ya watse. Maƙwabcinmu, wani Alhaji dillalin shanu da bakinsa ba ya hutawa, ya ce kwanona ne ke kora shi. Kafin ka ce kwabo magana ta zaga, Bulama mai unguwarmu ya aiko a kira ni.

Raina ya ɓaci sosai, amma tsoro ko kaɗan ban ji ba, don na san abin da na kafa. Na roƙi goggona ta raka ni, ta kuma ara mini doguwar lafayarta. Ta yi ta mita, amma ta biyo ni.

Da muka isa gaban Bulama, na durƙusa na gaishe shi da dattawan da ke zaune. Na ce, "Baba, hadari in ya taso, yana tunkuɗa iska sama. Iska tana da nauyi, sai ta dawo, ta zarce ƙasa, ta sake tashi." Goggo ta riƙe bakin lafaya, na kaɗa nawa, rawar ta bi yadin kamar igiyar ruwa har hannunta. "Haka take tafiya har can inda gajimare ba ya kaiwa. Iskar can ba ta da kauri, sai rawar ta ƙara girma ta dagula hanyar saƙo. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya abin ya fi taɓa mu, musamman bayan magariba. Yana cikin abin da ke sa rediyonka ya shaƙe ya dawo."

Alhaji ya yi farat. "Kun ji ko? Da bakinta ta ce tana kaɗa sama!"

Na ce, "Alhaji, kai ciyawa kake jira, ni kuma wannan igiyar. In hadarin bai zo ba, tare za mu yi kuka."

Bulama ya ɗaga hannu. "'Yata, kwanon nan magana yake yi ko saurare?"

"Saurare kawai, Baba. Ko tari ba ya yi."

Ya daɗe yana kallon Alhaji, sannan ya ce, "Tun da aka naɗa ni nake neman mai irin wannan hali a unguwar nan. A bar shi."

Ruwa ya zo a lokacin da Allah ya so, har lungunmu ya cika. Bayan magariba layin da ke nuna rawar saƙon a kwamfutata ya fara hawa da sauka, tiryan-tiryan. Don murna na ruga ba takalmi na jawo Goggo daga kan sallaya. Ta ƙura wa layin ido, ta bi shi da yatsa.

Ta ce, "Ashe da gaske kike."

"To Goggo, me ya sa kika riƙe mini lafaya gaban dattawa?"

"Da wa zai riƙe miki?"