Zaren Hula da Muƙamuƙin Yaya

Yayar maigidana ta zo mana unguwar Bolori a shekarar da mutanen garinsu Bama suka watse. Da lafayar jikinta ta iso, sai wata 'yar leda mai allurai da ragowar zare. Mijinta ya rasu tun kafin fitinar, 'ya'yanta mata suna aure a nesa. Muka gyara mata ɗakin da ke kusa da madafa. Ni ma Yaya nake ce mata, ita kuma ta sa mini suna 'yar boko, don ni ke karanta takardar magani a gidan.

Ɗinkin hula ta iya, irin na garinsu da maza ke nema ko'ina. Ƙafarta ba ta gama sacewa daga tafiya ba ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta kama aiki. Na ce ta huta tukuna. Ta ce, "Hutun me? Ƙanina ya ba ni ɗaki, goron ma shi zan jira ya sayo mini?"

Ina yawan zama kusa da ita in ina tsince shinkafa, shi ya sa na san yadda take ɗinkin. Da hannu biyu da baki take yinsa. Allura ɗaya na hannunta, ɗaya mai wani launin zaren tana cije a gefen bakinta na dama. Da haƙori take tsinke zare, da haƙori take jan ƙulli ya kamu, da miyau take jiƙa bakin zaren ya shiga kafar allura. Turamenta na hagu an cire su tun tana da ƙuruciya, saboda haka tauna ma duk a dama take yi. Haka za ta wuni, kai a sunkuye, magana ta gefen baki.

Wajen cin abinci na fara jin ƙarar. In ta buɗe baki za ta kai loma sai wani abu ya ce ƙas a gaban kunnenta. Ita ta ce kunne ne. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, ta ɗiga har ya ƙare. Wata maƙwabciyarmu ta ce jijiya ce ta sandare, ta riƙa tauna ƙaro zai sake ta. Ta tauna, abin ya ƙaru. In ta kwanta bayan azahar kuma, daga madafa ina jin haƙoranta suna gurzar juna. Ranar da aka ji tashin bam daga cikin gari, mu salati muke ɗauka, ita kuwa sai dai ka ga naman kumatunta ya ɗaure ya yi tauri.

Wata safiya ta yi hamma, bakin ya rufe ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata. Cokalin kunu da ƙyar ya shiga. Maigida ya ce in kai ta asibiti, sashen haƙori. Muka hau keke, a shingen sojoji muka sauka muka taka, muka sake hawa.

Likitar mace ce, yarinya ƙarama. Ta ɗora yatsu a gaban kunnuwan Yaya ta ce ta buɗe a hankali, ta rufe. Ta leƙa ciki da fitila.

"Mama, kunnenki lafiya lau. Mahaɗar muƙamuƙinki ce ta gaji. Haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, duk sun karkata gefe guda. Wannan tsagar da ke haƙorin nan fa, me kike cizo?"

Na riga Yaya amsawa. Na ce zare ne.

Likitar ta ce tun da mutane suka shigo daga garuruwa take yawan ganin irin wannan, kuma galibi mata ne. Wata an cire mata haƙora ba a maye gurbinsu ba, ta koma tauna gefe ɗaya. Wata fargaba ce ta sa take cije haƙora ko a barci. Wata kuma sana'arta ce ta riƙe abu a baki. Ta ce Yaya ta haɗa duka. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, abinci mai laushi kawai, ban da goro, ban da ƙaro. Sannan ta ce allura da zare kada su sake kusantar bakinta, in ba haka ba wata rana zai kulle a kasa buɗe shi cikin sauƙi.

"Goro na bar miki shi," in ji Yaya ta tsakanin haƙora. "Allurar kuma da ƙafa zan riƙe?"

"Ki sayi almakashi, Mama."

Na sayo mata ƙaramin almakashi. Ta gwada, Allah ya gani ta gwada. Amma kafin ta ajiye hula ta ɗauki almakashi ta yanke ta sake ɗaukar hula, lissafin zanen ya ɓace mata, sai ta warware layi guda. In hankalinta ya tafi kuma, allurar da kanta take komawa baki, da yamma ciwon ya hau har kai. Daga baya ta naɗe hular ta tura ƙarƙashin filo. Ta koma zama haka nan a tabarmar, hannu a cinya.

Ana gab da azumi ta kira ƙaninta ta ce bayan salla ya kai ta sansanin da mutanen garinsu suke.

Ya ce, "Yaya, wani ya yi miki wani abu a gidan nan?"

"Ba wanda ya yi mini komai sai alheri. Can kowa a zaune yake, ba wanda zai ga zamana. Nan kuwa matarka na tuƙa tuwo ina kallonta."

Ya yi lallashi har ya gaji. Ni na san sansanin, na taɓa kai wa wata 'yar uwarmu kaya. Na san layin ruwa da na abinci, na kuma san ba mai dama wa tsohuwa kunu daban don bakinta ba ya buɗuwa. Na sa abin a addu'a, don ban ga ta inda zan ɓullo mata ba.

Da aka kama azumi ta ce bari ta ƙarasa hular da ta fara, ta mutane ce, kada ta tafi da alkawari a wuya. Na fito daga wanki da hantsi na same ta tana ɗinki, sai na ga wani abu ya bambanta. Bakin ba komai a ciki, leɓenta tasbihi kawai yake yi. Allura ta biyu tana soke a lafayarta wajen kafaɗa. Rabin reza na maƙale tsakanin yatsunta, da shi take ɗauke zare ba tare da ta ajiye hular ba. Ga murfin kwalba da ɗan ruwa a gefe, nan take tsoma bakin zare. Hannun kuma bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Na ce, "Yaya, yau ina allurar baki?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ke 'yar boko, ana azumi zan sa zare mai rini a baki? In launin ya bi miyau na haɗiye fa? Ba su koya muku wannan a makarantar ba?"

Ta ce mahaifiyarsu ce ta hore su haka tun suna 'yan mata. Duk shekara in wata ya kama, baki ya fita daga ɗinki sai an sha ruwan ƙarshe.

"To ai abin da likita ta ce ki yi ke nan."

"Likita almakashi ta ce."

"Cewa ta yi ki raba bakinki da zare. Ga shi kin raba."

Ta tsaya tana kallon rezar da ke hannunta. Can ta ce, "Wannan ai ɗinkin azumi ne. Ba ya sauri."

"Wa yake korarki?"

Ta ci gaba da ɗinkinta. Ni ma ban ƙara ba, don Yaya in aka matsa mata a kan abu baya take ja. Na dai riƙa gasa mata kumatu bayan buɗa baki, ina tace mata kunun gyaɗa, burabusko kuma in jiƙa shi da miya sosai. Kafin goman ƙarshe cokali ya koma shiga ba wahala.

Ciwon bai rabu da ita duka ba. Haƙoran ba su koma daidai ba, ƙarar tana nan, nama sai an daka mata. Allurar ma takan ɓace ta koma baki, sai ta tofar ta yi istigfari kamar mai azumin da ya manta. Amma da aka sauko daga idi aka gama gaishe-gaishe, maigida ya shiga ɗakinta a ɗarare yana jiran maganar sansani. Ya fito yana gyara hula, ya ce mini Yaya ta ce in zai shiga kasuwa gobe ya taho mata da zare, shuɗi da ruwan ƙasa, da reza sabuwa.