Ɗan Tela a Mahauta

Mahaifina tela ne, kakana ma haka. Wuƙar da na sani a gidanmu ta yankan kuɓewa ce. Duk da haka, zamanin Turawa aka yi mini kwas na 'yan watanni, aka ce na zama malamin fata, in bi kasuwannin Kankia da Kusada in koya wa mahauta fiɗa da wuƙa marar tsini, da shanya fata a inuwa, a ɗaure jikin sanduna maimakon a kafe ta ƙasa cikin rana.

Ranar farko na huda fatar akuya wuri biyu. Wani ya ce, "Kawo allura, ɗan tela zai ɗinke mana." Aka tuntsire da dariya. Ban ji haushinsu sosai ba, don ni ma a raina na yarda ɗan haye ne ni, kuma ko ba daɗe ko ba jima Bature zai gane ya kore ni.

Akwai wani dattijon mahauci a Kusada, abokin mahaifina. Shi ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, riƙa zowa gida bayan la'asar." Wata uku ina zuwa. Ya gyara mini riƙon wuƙa, ni kuma na nuna masa ɗaurin igiya da shanyar inuwa. Fatunsa suka daina tsagewa, 'yan saye suka fara rububinsu. Na ɗauke shi uba.

Sai Baturen dabbobi ya zo rangadi duba aikina. Ya shafa fatun dattijon, ya tambaya wa ya koya masa. Ni ne tafinta.

Dattijon bai ko dube ni ba. Ya ce, "Gaya mishi wurin kakana na gada. Wanga yaro fensir kaɗai ya iya riƙewa."

Ya san da bakina maganar za ta fita. Na fassara, ban rage ko kalma ɗaya ba. Bature ya buɗe littafinsa zai rubuta, na ce ya dakata. Na tuɓe riga, na karɓi wata akuya da aka yanka, na feɗe ta gaban kowa. Na ɗaga fatar sama, babu huji ko ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, Bature ya rufe littafinsa.

Da kasuwa ta watse na tarar da dattijon yana wanke wuƙaƙe. Na ce, "Baba, me na yi maka?"

Ya ce, "Ba ka yi mani komi ba. Amma in na ce ɗan tela ya koya mani, wa za ya ƙara gaishe ni a mahauta?"

Na shekara tara ina aikin nan, ina gaishe shi duk ranar kasuwa. Zaurensa dai ban sake takawa ba har ya rasu.