Jitar da Ta Shiga Buhu

Shekaruna saba'in da takwas a bana, abin da zan faɗa kuwa ya kai shekara hamsin da aukuwa. A wancan zamani ni malamin dabbobi ne a Daura, ina hawa babur ina bin rugage har wajajen Dutsi domin yi wa shanu allura. In na fita sai in yi kwanaki ban ga gida ba. Duk garin da na sauka akan karɓe ni da girma, a share mini ɗaki, a aiko da tuwo, sa'an nan kowa ya ja da baya, domin ba a zama cin abinci da ma'aikacin gwamnati. Girman nan shi ya hana ni abokin hira.

Tun ina makaranta wani abokin karatuna ya koya mini kaɗa jita. Amma mahaifina malami ne mai almajirai manya, kuma a ƙasarmu wanda ya riƙe abin kiɗa mai tsirkiya, maroƙi ne. Saboda haka da na dawo gida ban taɓa ambata ba.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, tsararrakina suka yi ta sayen rediyo da agogo. Ni kuwa na shiga bas zuwa Kano ban gaya wa kowa abin da zai kai ni ba. Jita zan sayo, kuma sharuɗɗa uku na ɗora wa kaina. Ta jure girgizar babur da zafin bazara. Kada ta yi tsadar da in ta karye zan yi jimami. Na ukun shi ne babba: ta shiga buhu, yadda zan ratsa ta gaban rijiyar Kusugu da rana tsaka, a ɗauka kayan aiki na goyo.

Mai kantin, wani mutumin kudu ne a Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawa gudu. Ya sauko mini da wata babba mai sheƙi, ina ganin fuskata a jikinta.

Ya ce, "Maigida, ga daidai da kai. Ji murya!"

Muryar kam akwai ta. Amma katakon siriri ne, na san rana ɗaya a bayan babur za ta tsage. Na nuna wata gajeriya a can lungu, marar fenti, wadda aka yi da falle-fallen katako da aka manne.

Ya ce, "Haba Maigida, wannan ai ta 'yan makaranta ce. Babban mutum kamarka?"

Na ɗaga ta saitin idona, na bi wuyanta da kallo ko ya karkace. Na ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa, na murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya, na ga na ƙarfe ne, ba su santsi. Na taɓa inda aka ɗaure tsirkiyoyi ko mannin ya fara ɗagawa.

Ya yi dariya ya ce, "Saniya kake saye ko jita? Saura ka duba haƙoranta."

Na fito da buhun da na zo da shi, na zura ta, ta shige har kai. Na biya, na ƙara da tsirkiyoyi na ajiya.

Fitata ta farko da ita, na yi wa garken wani ardo allura da hantsi. Ardon dattijo ne, ya girmi mahaifina. Bayan la'asar na koma gindin wata tsamiya nesa kaɗan da rugar, na kwance buhu. Tafiyar ba ta yi mata komai ba. Na daidaita ta, na fara kaɗawa a hankali. Can sai na ga inuwa. Ardon ne, ya tsugunna, ya dogara da sandarsa, yana saurare. Ban taɓa samun mai saurarona ba a ƙasar haihuwata. Zuciyata ta yi fari, na ci gaba har yatsuna suka yi zafi.

Da na tsaya sai ya juya ya yi kira da Fulatanci. Matarsa ta fito riƙe da kaza an ɗaure mata ƙafafu, ta ajiye a gabana.

Ya ce, "Ashe Malam har da roƙo ake taɓawa! Madalla. To, sai ka sa sunan kakana a ciki, shi ne ya fara kafa ruga a nan."

Na ce, "Baffa, ni ba roƙo nake yi ba."

"To wa kake yi wa kiɗan?"

"Kaina."

Ya dube ni, ya dubi matarsa. Ya ce, "Mutum ya yi wa kansa kiɗa? Ba ka da kowa ne, ɗana?"

Abin da na sani shi ne, in na karɓi kazar nan, kafin kasuwa ta sake ci labari ya isa zauren mahaifina cewa ɗansa yana bin rugage yana roƙo. Na mayar da ita da hannu biyu, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya karɓa, amma na ga abin ya sosa masa rai, domin ba a mayar wa dattijo kyautarsa. Ya ce ba mai ji daga bakinsa, kuma ya cika alkawari. Sai dai bai ƙara zama kusa da ni ba.

Daga ranar, sai na yi nisa da gari da ruga, inda ba gona ba burtali, kafin in kwance buhu. Haka na yi har na bar yawon aiki. Zaɓena kuwa bai yi kuskure ba. Babura biyu suka mutu a ƙarƙashina, ita ko tsagewa ba ta yi ba. Tana nan a ɗakina, cikin wani buhun.

Mahaifina ya rasu bai sani ba. Waɗanda suka taɓa jin na kaɗa ta a ƙasar Daura su biyu ne, ardon nan da matarsa, Allah ya jiƙansu da rahama.