Surukina a Gaban Jirgi

A shekara ta biyu da aurena, iyaye ƴan Nijar mazauna Lyon ta ƙasar Faransa suka shirya wa yara hutun mako guda a bakin kogin Ardèche. Na ɗauki hutu daga wurin aikina a Saint-Fons, na shiga cikin manya huɗu masu rakiya. Surukina, wanda ya zo daga Paris ganin ƴarsa, ya ce shi ma za shi. Mutum ne mai jiki, ya daɗe yana ɗaukar kaya a kasuwar Rungis, kuma bai iya ruwa ba.

Jiragen ruwan da za mu hau na roba ne, kowane na ɗaukar mutum biyu. Baturiyar da ke koya mana tuƙi ta ɗaura wa kowa rigar hana nutsewa, ta ce na baya shi ke juya jirgi, shi ke faɗa wa na gaba ɓangaren da zai sa filafili. Aka haɗa ni da Alhaji, surukin nawa. Na ba shi gaba, don ba zan bar surukina ya wuni yana kallon ƙeyata ba. Sai da muka hau ruwa na lura cewa yanzu ni zan riƙa ba shi umarni, ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba.

A gangaren farko, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, na hango dutse. Na ce, "Alhaji, in ba damuwa, da za a ɗan taɓa ta hagu..."

Ban ƙarasa ba muka kife. Ruwan iya ƙugu ne. Yara suka yi ta dariya, wata ta ɗaga murya: "Kawu, ka gama gaisuwar?"

A na biyu na yi shiru, na ce ni kaɗai zan juya jirgin. Amma Alhaji na tuƙi ta dama da duk ƙarfinsa. Jirgin ya juya, muka shiga da baya, muka sake kifewa. Wannan karon akwai zurfi. Na kamo shi ta wuyan riga na jawo shi gaɓa. Ya zauna kan tsakuwa yana tari, gwiwarsa na jini. Babu wanda ya yi dariya.

Baturiyar ta ja ni gefe. Ta ce saura gangare ɗaya, ya fi waɗannan, kuma duwatsu sun tsare gaɓa, babu hanyar ƙafa. Nata jirgin na mutum ɗaya ne. Ta ce, "Ka yi masa magana ya ji, in ba haka ba zai ji ciwo."

Na juye ruwan jirgin, na ƙara ɗaure masa riga da hannuna. Na yanke shawara cewa ba zai sake shiga ruwan nan ba, ko da zai ce ƴarsa ta auri marar tarbiyya.

Da muka ji ƙarar ruwan na buɗe baki. "Hagu! Hagu na ce! Ƙara! Tsaya! Ɗaga filafilin! Dama yanzu, da ƙarfi!"

Duk abin da na ce ya yi. Gefen jirgin ya goga dutse, ruwa ya watso mana, muka fita a zaune.

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Ashe kana da murya. A wurin aikinmu yaran da na haife su ma suna ce mini 'matsa!' in keken kaya ya taho. Tun da safe nake jira ka faɗa mini abin da zan yi."

Da yamma aka zuba shinkafa. Na ɗauki kwanona na zaga bayan tanti, kamar kullum.