Ɗanyen Fenti a Tashar Oban

Ishbel, mai sayar da shayi a tashar jirgin ruwa ta Oban, ta kasa ɗauke ido daga matar da ta sauko yanzu. Doguwa ce mai furfura, ruwan sama na ɗiga daga haɓarta. Rigar ruwanta kuwa wani faffaɗan kaya ta naɗe da ita, tana rungume da shi.

Ga ta nan tana warware kayan a kan benci. Zane biyu ne suna fuskantar juna, da guntayen marfin kwalba a kusurwoyi don kada ɗanyen fenti ya haɗu. Guntun marfi guda ɗaya ya faɗi a hanya.

Ta raba su a hankali. Ɗaya teku ne, ɗaya fuskar wani tsoho, ko ƙwarzane babu. Yadda take kallon tsohon, Ishbel na jin mijin matar ne, kuma da wuya in yana raye.

Matar ta zauna daɓas, ta sauke ajiyar zuciya.

"Baiwar Allah, kin jiƙe sharkaf," in ji Ishbel.

"Ni kafin yamma na bushe, 'yar'uwa. Shi fentin ne sai ya yi wata guda."