Yadda Na Kai Baba Alkahira A Yi Masa Aikin Ido

Dakko zuwa Kano

Ranar Lahadi ana sallame sallar asuba muka bar Dakko, ni da mahaifina Malam Isa. Shekara biyu ke nan ba ya gani. An yi masa aiki a Sakkwato bai yi ba, aka ce sai Alkahira, kuma likitan can ya ba mu Talata ƙarfe tara na safe.

Bakwai da minti goma muna tashar Mafara, amma sai tara mota ta cika. Kafin Gusau shinge bakwai na ƙirga, a kowanne sai an zazzage jakar Baba. Na tambayi direba yaushe za mu isa. Ya ce, "Hajiya, ni ma tambayar da nika yi ke nan." Da magariba muka shiga Kano, muka kwana gidan Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba.

Kano zuwa Alkahira

Washegari, an rubuta jirgi zai tashi ƙarfe ɗaya na rana. Huɗu saura ashirin ya tashi, ba wanda ya ba mu haƙuri. Tafiyar kilomita dubu uku da 'yan kai ce, awa huɗu da rabi. Baba ya mayar mini da ita shekara.

"Hadiza, abin ga hwa tsaye yake. Ban ji yana tahiya ba."

"Yana tafiya, Baba."

"To mun wuce Agadas?"

Sau tara ya tambaya. Shinkafar jirgi kuwa, loma ɗaya ya yi ya ture, ya ce tamu ta Bakalori ta fi.

Alkahira

Talata muka isa asibiti tara saura ashirin a wayata, har ina yabon kaina. Matar da ke karɓar baƙi ta nuna mini agogon bango: goma saura ashirin. Na haddace nisa, na haddace awannin jirgi, na manta agogonsu ya gabaci namu. Wayar kuma babu layi, ba ta sauya ba. An riga an ba wani gurbinmu, wai sai mako mai zuwa.

Baba ya ce, "Mi anka yi?" Na zaunar da shi a ƙofar likita, na ƙi motsawa har la'asar. Da likitan ya fito ya dube mu, ya girgiza kai, ya ce mu shiga. Alhamis aka yi aiki.

Gida

Bayan kwana goma sha biyu muka dawo Dakko, ido ɗaya ya buɗe. Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo da likitan nan. Baba kuwa ko ruwa bai sha ba ya zarce gona, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo kan yayyena da ya bar wa noman.

"Wannan ita ce gonar da kuka ce mani kun nome?"