Ranar da na jera faya-fayan Sifaniyanci a kan tire

Shekarun baya, a shekarar da ta gabaci wadda korona ta rufe hanyoyi, na yi wata uku a Dubai. Ni dai ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake yi 'yata tana rubutawa. In kun ga magana ta yi tsawo, bakina ne, ba hannunta ba.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni. Ɗana na fari yana aiki a can, ya ce in je likita ya duba. Gidansu a Al Nahda yake, a hawa na tara. Lokacin zafi ne, irin zafin da in ka buɗe taga sai ka rufe da sauri, saboda haka daga asibiti sai gida, daga gida sai asibiti. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa, da 'yarsu, takwarata, wadda aka sa wa sunana. Shekararta goma sha tara a lokacin. Tana jami'a, kuma da yamma tana zuwa wani aji inda ake koyar da Sifaniyanci, domin burinta ta zama tafinta.

Ana nan, ana nan, ran nan bayan la'asar sai na ji muryar uban ta ɗaga a falo. Na lallaɓa na fito da sandata. Ashe ɗaliban jami'arsu suna da wata mujalla, an ce takwarata ta rubuta musu faya-fayai goma da suka fi kowanne a waƙoƙin Sifaniyanci, irin waɗanda ake ce wa regeton da hip hop, ta jera su daga na ɗaya zuwa na goma. Ta bar aikin a buɗe a kwamfutar falo. Uban ya danna guda, hoton da ya fito bai yi masa daɗi ba.

"Daga ƙarshen watan nan an gama da ajin nan," in ji shi. "Khalas, shi ke nan."

"Abba, ai yaren daban, waƙar daban."

"In ba don yaren ba, ina za ki san su?"

Idon yarinya ya kawo ruwa. Shekara biyu tana fama da yaren nan. Sai surukata, mai hankali ce, ta ce, "Ga Hajiya nan. Me zai hana a bar mata ta yanke?"

Nan take ya yarda. Na san abin da ya sa. Kowa ya san ni da carbi a hannu, ba na yawan dariya a gaban mutane, ko talabijin ba na kallo. A lissafinsa, kafin a rufe baki na ce a rufe aji.

A nan sai na gaya muku wani abu. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi. A hannun kakarsa ta wajen uba ya tashi. Magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa, in da abin faɗa sai ta bakin matarsa, ko da kuwa yana zaune a wurin. Saboda haka na dubi surukata na ce, "Ki gaya wa mai gidan nan ba na yanke hukunci a kan abin da ban ji ba. Goma ne ko? A ba ni kwana goma."

Washegari da hantsi, bayan ya tafi aiki, takwarata ta shigo ɗakina da waya da 'yar ƙaramar sifika, fuska a murtuke.

"Hajiya, ke da ko Turanci ba kya ji, me za ki ji a nan?"

"Ke da Hausarki ta 'yan koyo, ke za ki fassara min. Kowace waƙa, me ya ce, wa yake ce wa. Zauna."

Sunayen mawaƙan ba su zauna min a baki ba, rubutu kuma ban iya ba. Sai na aike ta kicin ta ɗauko tire. Duk faifan da muka saurara sai in ba shi alama. Wani mai murya a shaƙe na ba shi citta. Wata mace mai kaifin baki na ba ta lemon tsami. Wasu samari biyu da ke ba juna amsa na ba su cokali da murfin kwalba a haɗe. Akwai dabino, akwai kanumfari, akwai tafarnuwa.

Kiɗan kuwa tun a ranar farko na gane shi. Bugu ɗaya mai nauyi, sai ƙanana su biyo shi a karkace, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Na ce mata, "Wannan ai lugude ne. Mata biyu a kan turmi ɗaya." Wanda ake ce wa hip hop kuma, da ta fassara min, sai na ji mutum yana cewa shi ne, babu kamarsa, unguwarsu ta fi ta kowa, abokin hamayyarsa rago ne. Na ce kirari ne da zambo, 'yan dambe sun riga shi.

Kuskurena na farko, a rana ta biyu na yi shi. Na tambaye ta wanne ne babba a cikinsu, wanne ne ya fara. Ta gaya min. Sai na ɗauki alamarsa na sa a gaba, na ce a bi su haka, babba sannan ƙarami.

"Hajiya, ba layin gaisuwar Sallah ba ne. Wanda ya fi iyawa ake nema."

"To a sa yaro a gaban wanda ya haife shi a sana'a?"

"In ya fi shi, e."

"Wanda aka sa na goma fa? Shi ba shi da uwa? In ta gani fa?"

Ta yi dariya har ta faɗi a kan katifa. Tun da na zo, ranar na fara ganin haƙoranta. Na ɗaure fuska, amma na mayar da alamar.

A rana ta huɗu muka zo kan faifan tafarnuwa. Wani ne mai jan murya kamar wanda aka tasa daga barci. Shi ta fi so, na gani a yadda take kaɗa kai. Na ce ta fassara. Ta kalli silin.

"Yana... yabon mahaifiyarsa ne."

"Ta biyun fa?"

"Ita ma. Yana cewa ta sha wahala a kansa."

Na bari waƙar ta ƙare. Sannan na ce, "Takwara, ba a yabon uwa da irin wannan numfashin."

Ta sunkuyar da kai.

Na ce ta tura ƙofa. Na gaya mata abin da ko ubanta bai sani ba. Kafin a yaye shi, shekara shida na yi ina kiɗan ƙwarya a garinmu. Ni ce mai riƙe ƙwaryar da ake kifawa a ruwa, in zabiyarmu ta gaji ni nake karɓar waƙa. Biki, suna, duk inda mata suka taru a cikin gida, mu ne. Daga baya na ajiye, na kama carbi, ban sake waiwaya ba. Na matsa kusa da kunnenta na rera mata baiti biyu daga cikin waɗanda muke yi in an tabbatar babu namiji ko yaro a tsakar gida.

Ta rufe baki da hannu biyu. "Hajiya, ke?"

"Ni. To yanzu ki gaya min gaskiya, me ɗan mutane yake cewa?"

Ta gaya min, tana kallon bango. Hausar ta ƙare mata a wurare, ta cike da Larabci da nuni. Na saurara har ƙarshe. Na ce, "Abin da yake magana a kai ba shi ya dame ni ba, duniya ta san shi. Amma ba ya sakayawa. Mu in za mu faɗi irin wannan, sai mu naɗe shi, matar aure ta gane ta yi dariya, budurwa ta ji ta wuce. Shi ya zube shi a tsakar titi. Kuma ko sau ɗaya bai bari matar ta zama mutum ba. Wannan lalaci ne, ba gwaninta ba." Na ɗauke tafarnuwa daga kan tire na sa a ƙasa.

"Amma kiɗan, Hajiya."

"Kiɗan na mai kiɗa ne. A ba shi ladansa daban."

Daga ranar ba ta sake yi min ƙarya ba. Muka shiga aiki da gaske. Da safe sai in ji, "Yalla, tashi tsohuwa, an buɗe kotu." Mu saurara, ta fassara, in gyara mata Hausa, mu yi musu. Abu uku nake dubawa, yadda aka koya mana: ko kiɗa zai tayar da mai ciwon baya, ko mawaƙi yana da numfashi, ko ya bar wa 'yan amshi wuri. Lemon tsami ta burge ni, ta yi wa wani da ya raina ta habaici har na ce a maimaita min sau uku. Dabino kuwa, wani dattijo ne daga wani tsibiri, yana lissafa lungunan unguwarsu da waɗanda suka mutu a ciki, yara na amsa masa. Shi ya fi ratsa ni. Wasu biyu suka bi tafarnuwa ƙasa.

Kwana goma suka cika ranar Juma'a, ranar hutunsu ce a lokacin. Bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, na ce a kawo tire. Takwarata ta ajiye shi a tsakiyar falo. Uban ya dubi citta da cokali da kanumfari a jere, ya dubi matarsa.

Na ce wa surukata, "Ki gaya masa na ji duka goman. Waɗannan ukun na ƙasa, kada a sake kunna su a gidan nan, kuma ba za su shiga jeri ba. Bakwai na sama kuwa waƙa ce. Dabino ne na ɗaya, lemon tsami na biye da shi. Ki gaya masa 'yarsa ta juya min faifai goma daga yaren mutane zuwa Hausa, ni da ban san ko gaisuwarsu ba na gane har inda mutum yake kuka. Wanda Allah ya ba wannan, ba a tare masa hanya. In kuma don waƙar banza za a bar yare, to a fara barin Hausa, don na san waɗanda suka fi waɗannan a cikinta."

Surukata ba ta maimaita komai ba, ai ya ji.

Ya daɗe yana kallon kafet. Sannan a hankali ya ce wa matarsa, "Ki tambayi Inna, ita a ina ta san waƙa har haka?"

Na ce a kawo min robar wanki da ruwa a ciki, da kwanon roba, da ludayi biyu. Babu ƙwarya a Al Nahda. Na kifa kwanon a kan ruwa, na ce wa takwarata ta kunna dabino. Hannuna ya fi shekara arba'in bai taɓa ba, bugun farko ya kauce, na biyu ma. A na uku na kama shi. Na bi mutumin nan na tsibiri har ƙarshen waƙarsa, ruwa na fantsama a kan kafet ɗin surukata, ita kuwa ta kasa daurewa ta rangaɗa guɗa, a hawa na tara.

Da na ajiye ludayi ban kalle shi ba, shi ma bai kalle ni ba. Amma babban yatsansa na ƙafa, na gan shi, bai daina motsi ba sai da ya lura.

"Ki ce wa Inna na ji," in ji shi. "Yarinyar ta ci gaba da zuwa ajin."

Takwarata ta yi tsalle ta rungume ni, ta taka min gwiwar da ake wa magani.

Da mujallar ta fito sai na ji yadda aka yi da hukuncina. Ta cike gurbin ukun da wasu, wannan na yarda. Amma dabino ta mayar da shi na uku, ta ɗora cokali da murfin kwalba a samansa. Na ce mata an yi wa dattijo rashin kunya. Ta ce kotu ta tashi, alƙali ya koma gida. Yanzu tana aikin tafinta, tana da 'yarta, kuma har yau in ta kira ni sai mun taɓa musun nan.

In na zauna ina tunani, ba waƙar ce take dawo min ba. Abin da yake dawo min shi ne, ɗan da na haifa ya kai shekara arba'in da wani abu yana zaton da carbi aka haife ni, kuma ni na bar shi a haka. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba, har gobe ba zan kira sunansa ba. Amma mu tsofaffi muna ɓoye ƙuruciyarmu da kyau har yaranmu su ɗauka ba mu yi ta ba, sai su zo su hana nasu 'ya'yan da sunanmu.

Bayan na dawo gida da kamar wata biyu, surukata ta kira ni a waya. Muka gaisa, ta rage murya ta ce, "Hajiya, jiya na shiga motarsa. Kin san cunkoson hanyar Sharjah da safe. Yana tayar da mota sai ga waƙar dabino."

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya kashe da sauri. Ya ce wai dubawa yake ko Inna ta yi adalci."